Abokin Zamana Ya Fara Dafa Giya a Gidan da Na Kama Haya: Me Doka Ta Ce?

Barista, barka da aiki. Ina zaune a Amurka da bizar aiki. Gidan da nake ciki ni na kama shi haya, sunana ne kaɗai a takardar. Daga baya na ba wani abokin aikina ɗaki ɗaya, yana ba ni rabin kuɗin duk ƙarshen wata, ba mu rubuta komai ba, magana ce ta fatar baki. Wata biyu da suka wuce ya sayo kayan koyon haɗa giya: babbar tukunya, bokitin roba mai murfi da kwalabe. Ya dafa sau biyu. Ni ba na sha, amma ban tanka masa ba. Shekaranjiya cikin dare kwalba uku suka fashe a kabad, sai da na zabura daga barci, giya ta jiƙa kafet, gilashi ya tsaga ƙofar kabad ɗin. Yanzu kuma wai abokansa sun yaba, zai riƙa ba su kwalabe suna ba shi "kuɗin kayan haɗi", har ya fara duba wata tukunyar jan ƙarfe a intanet wadda ake tatsar barasa mai ƙarfi da ita. Shin abin da yake yi laifi ne? Idan laifi ne zai shafe ni? Kuma ina da ikon hana shi?

Malam, barka kadai. Bari in fara kwantar maka da hankali a kan bokitin nan da ke ɓulɓula a kusurwar ɗaki, domin shi ne mafi ƙanƙantar damuwarka. Dokar tarayyar Amurka ta halatta wa baligi ya dafa giya a gidansa don shan kansa da iyalinsa, ba tare da lasisi ko haraji ba. Shugaba Jimmy Carter ne ya sa hannu a dokar a watan Oktoba na 1978, ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 1979. Kafin nan, tun bayan ɗage haramcin barasa da ƙasar ta yi daga 1920 zuwa 1933, mutum na iya matse inabi ya tsima ruwansa a gida, amma giyar hatsi an bar ta a baya shekaru arba'in da biyar.

Halaccin yana da iyaka. Gidan da baligi ɗaya ke ciki an yarje masa galan 100 a shekara, wato kusan lita 379. Idan baligai biyu ne ko fiye, galan 200, kusan lita 757. Abin dariya a nan shi ne, a zahirin lafazin dokar, kai da ba ka sha zamanka a gidan ya ninka masa kasonsa. Amma kada lissafin ya dame ka. Kayan 'yan koyo yawanci galan 5 suke dafawa a tashi ɗaya, kwalba hamsin ko kusa da haka, kuma kowace dahuwa tana cin kamar wata guda daga tukunya zuwa buɗe kwalba: mako ɗaya zuwa biyu tana tsima a bokiti, mako biyu tana kwance a kwalba. Sai ya dafa sau 40 a shekara kafin ya taɓa galan 200. Mutumin da ya dafa sau biyu a wata biyu bai ma hango iyakar ba. Sharaɗin shekaru kuwa, dole mai dafawa ya kai shekarun da aka yarda a sayar masa da giya a inda yake, wato 21.

Sai dai ba ka faɗa mini jihar da kake ba, kuma wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Gyaran kundin tsarin mulki na 21, wanda ya ɗage haramcin, ya bar wa kowace jiha ikon tsara harkar barasa a cikinta. Shi ya sa sai a 2013 jihohin Alabama da Mississippi suka halatta dafawa a gida, su ne na ƙarshe. Alabama ta taƙaita abin zuwa galan 15 a kowane wata uku, kuma halaccin bai kai gundumomin da suka hana sayar da barasa ba. A Alaska akwai ƙauyukan da suka kaɗa ƙuri'a suka hana mallakar barasa gaba ɗaya. Kowace jiha tana da hukumar kula da barasa, kuma dokokinta suna shafinta na intanet. Minti goma za su ishe ka ka duba taku.

Yanzu ga inda tafiyar ta fara karkacewa. Dokar nan ta 1978 cewa ta yi don amfanin kai da iyali, ba don sayarwa ba. Ya sha, ya ba baƙonsa kyauta, ya kai gasar masu dafawa a ɗanɗana, duk tarayya ta yarda. Ranar da kuɗi ya shiga hannunsa a madadin kwalba, ya fita daga inuwar dokar, ya zama mai sana'ar giya marar rajista. Kuma sunan da aka laƙaba wa kuɗin ba ya sauya komai. Ko ya kira shi kuɗin kayan haɗi, ko gudummawa, ko ya ce kwalbar ya sayar giyar kyauta ce, hukuma tambaya ɗaya take yi: da ba a ba da kuɗin ba, da an miƙa kwalbar? Waɗannan dabarun duk mai koyo sai ya yi tunaninsu a watansa na uku, yana ganin shi ya fara gano su. Jami'ai sun sha jin su.

Mai son sayarwa da gaske hanyarsa a buɗe take, tana da tsawo dai. Sai ya nemi amincewar hukumar TTB, reshen ma'aikatar kuɗi da ke kula da harajin barasa da taba, sannan lasisin jiha, sannan izinin ƙaramar hukuma cewa wurin ya dace da sana'a. Harajin tarayya kansa ba shi da nauyi ga ƙaramin mai dafawa, dala 3.50 ne a kan ganga mai cin galan 31. Wahalar tana wajen wurin, domin kicin ɗin gidan haya ba zai samu wannan izini ba. Ka kuma gaya masa kada ya aika wa kowa kwalba ta gidan waya, dokar tarayya ta hana aika barasa ta nan ko da kyauta ce.

Tukunyar jan ƙarfen ita ce ta sa na ajiye sauran wasiƙu na fara amsa taka. Mutane da yawa suna ɗauka dafa giya da tatsar barasa abu ɗaya ne, na biyun ya ɗan fi ƙarfi kawai. A wajen doka ko hanya ba su haɗa ba. Giya, tsiron sha'ir ake jiƙawa a ruwan zafi, a tafasa ruwan da furen hops, a zuba yis a bar shi ya cinye zaƙin, a samu abin sha mai barasa kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Tatsa kuwa, wannan tsimin ake ɗora wa wuta, barasar ta tashi tururi tun kafin ruwa ya tafasa, a kan zafi kusan digiri 78 na ma'aunin Celsius, a tare tururin ya huce ya ɗiga. Tururin nan yana kama wuta. Halaccin 1978 bai taɓa shafar tatsa ba. Dokar harajin tarayya, sashe na 5601, ta sanya mallakar tukunyar tatsa da aka haɗa ba rajista, da tatsar barasa ba izini, a cikin manyan laifuka: ɗauri har shekara 5, tara har dala 10,000, ko duka biyu, a kan kowane laifi. Sayar da irin tukunyar a intanet ba hujja ba ce, domin ana tace ruwa da man turare da ita.

Wataƙila zai ce maka ai kotu ta soke wannan. Abin da ya ji shi ne hukuncin da wani alƙalin tarayya a Texas ya yanke a watan Yuli na 2024, inda ya ce hana kafa matatsa a cikin gidan zama ya wuce ikon majalisa. Waɗanda suka shigar da ƙarar ne hukuncin ya ba kariya, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, kuma bai ɗage wajibcin neman izini da biyan haraji ba, balle dokokin jihohi. Wanda ya ɗora tukunya a wuta yana dogaro da kanun labarin da ya gani a waya, shi zai yi wa alƙali bayani.

To ina kai a ciki? Zama gida ɗaya da mai laifi ba laifi ba ne, kuma sanin abu ba daidai yake da aikata shi ba. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a nan kanwar a gidan da ke da sunanka za a sauke ta. Dokar tarayya tana hukunta wanda ya taimaka a aikata laifi kamar wanda ya aikata. Ka karɓar masa kuɗin kwalba daga wani a bakin ƙofa, ko ka sa hannu ka amshi tukunyar daga mai kawo saƙo kana sane da abin da za a yi da ita, ko ka yarda ya biya ka haya da cinikin, ka ba mai gabatar da ƙara zaren da zai ja. Har ila yau dokar ta tanadi ƙwace kayan tatsa, da haƙƙin da mutum yake da shi a wurin idan da saninsa ya bari aka yi sana'ar a ciki. Ga kuma bizarka. Ɗan ƙasa zai iya biyan tara ya koma gida ya kwanta. Baƙo kuwa, kamu kaɗai, ko da ba a kai ga hukunci ba, tambaya ce da za ta riƙa fito masa a takardun shige da fice. Idan shi ma da bizar aiki yake zaune, cinikin kwalaben nan aiki ne da bizarsa ba ta ba shi izini ba.

Akwai kuma baƙinsa. Idan aka ba wanda bai kai 21 ba giya a falonka, ko wani ya sha ya bugu ya ja mota ya yi ɓarna, jihohi da dama suna da dokar da ke kama mai masauki, kuma mai masauki a takarda kai ne.

Kwalaben da suka fashe ba maganar 'yan sanda ba ce, maganar aljihunka ce. Abin da ke jawo shi sananne ne: ko ya ɗura giyar a kwalba tun ba ta gama tsima ba, ko ya cika sukarin da ake ƙarawa don ta yi kumfa, yis ya ci gaba da aiki a rufe har iska ta fi ƙarfin gilashi. Mai gida ba ruwansa da wannan bayani. Kai ya ba haya, daga kuɗin ajiyar da ka bayar zai cire na kafet da ƙofa, idan bai isa ba kai zai bi. Ka ɗauki hoton ɓarnar yau, ka tura wa abokin naka saƙo a rubuce, ka samu amsarsa cewa shi zai biya. Amsar "na ji, zan gyara" a waya hujja ce a ƙaramar kotun da ke sauraron ƙananan basussuka. Sauran kwalaben wannan dahuwar ya sa su a firiji ko cikin akwati mai murfi, domin tare aka ɗura su. Idan kana da inshorar mai haya, ka sani yawancinsu ba sa biyan asarar da ta taso daga sana'a ko daga aikin da doka ta hana.

Tambayarka ta ƙarshe, ko kana da ikon hana shi. Kan dafawa don shan kansa, doka ba ta ba ka sanda ba, sai abin da yarjejeniya ta ba ka, ku kuma ba ku rubuta komai ba. Fara da ɗauko takardar hayarka. Nemi abu uku: abin da ta ce kan sa wani a gidan, kan yin sana'a a ciki, da kan aikata abin da doka ta hana. Ina zargin na farkon zai ba ka ciwon kai, domin yawancin takardun haya suna buƙatar izinin mai gida a rubuce kafin a ƙara mutum. Idan ba ka nema ba, kai ma kana da taka a ƙasa, kuma gara ka gyara ta kafin ka kai ƙarar kowa wajen mai gida.

Ni da ni ne kai, zama zan yi da shi a wannan makon, mu rubuta shafi ɗaya mu sa hannu: kuɗin haya da ranar biya, ba sayarwa ta kowace siga, ba tukunyar tatsa a gidan, ba ba wa wanda bai kai shekara 21 ba giya, duk ɓarnar da dahuwa ta jawo shi zai biya. Idan kai ba ka son dahuwar kwata-kwata a inda kake kwana, wannan ma haƙƙinka ne ka sa shi sharaɗin ci gaba da zama, ba sai ka kawo dalili daga doka ba. Ya yarda, shi ke nan. Ya ƙi, sai ka ba shi wa'adin tashi a rubuce. Mai biyan haya wata-wata, ko babu takarda, yawancin jihohi suna ɗaukarsa ɗan haya, kuma wa'adin da aka fi sani kwana 30 ne, wasu wuraren ya fi haka. Kada ka sauya makulli, kada ka fitar masa da kaya, kada ka tuntsurar da bokitin a bayan idonsa. Kowanne daga cikinsu zai mayar da kai wanda ake ƙara.

Masu karatu da ke wasu ƙasashe kada su ɗauki alƙaluman nan su yafa. Ingila ta cire lasisin dafa giya a gida tun 1963 kuma ba ta sa iyakar yawa ba, amma tatsa sai da lasisi. Jamus tana barin lita 500 a shekara ba haraji tun farkon 2025, a da 200 ne. A Japan duk abin da barasarsa ta kai kashi 1 cikin ɗari sai da lasisi, ko a kicin ɗinka ka haɗa. New Zealand ta halatta har tatsar a gida tun 1996. Saudiyya da Kuwait kuwa bokitin kansa laifi ne.

Idan ka wayi gari ka ga tukunyar jan ƙarfen ta iso duk da maganar da kuka yi, a ranar ka rubuta masa cewa ba ka yarda ba kuma ya fitar da ita, ka adana saƙon, ka ba shi wa'adin tashi, sannan ka nemi lauya a jiharka wanda ya san dokar laifuka da ta shige da fice, kafin ka yi magana da mai gida ko wani jami'i.