Ina so in sayar da tsohon gidan mijina a Ingila, amma ga wanda zai gyara shi

Barista, ni 'yar Zariya ce, shekarata 26 a arewacin Ingila. Maigidana ya rasu bara, ya bar mini gidan kakanninsa da aka gina tun ƙarni na 18 a bakin tafki, da makeken fili mai tsofaffin itatuwa. Rufin yoyo yake, in ana ruwa bokiti tara nake jerawa a saman bene. Wani ya taya, ya ce zai mayar da gidan yadda yake a da. Yaya zan yi kada ya saya ya yayyanka filin, ya bar ginin ya zube?

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki haƙurin rashi. Tsoron nan naki yana kan hanya, domin dokar Ingila tana da giɓi daidai wurin da kike tsoro.

Idan kika rubuta a takardar ciniki cewa kada a yi gini a filin, sharaɗin hani ne, kuma yana iya bin ƙasar daga hannu zuwa hannu muddin an yi masa rajista kuma kin riƙe wani yanki a maƙwabtaka da ke cin moriyarsa. Amma sharaɗin da ke cewa mai saye ya kashe kuɗi ya gyara, shi kaɗai ya ɗaure. Ranar da ya sayar wa wani, alkawarin ya tsaya a kansa shi mai saye na farko, ba ya hawa kan sabon mai gidan. Kotun ƙoli ta wancan lokaci ta tabbatar da haka a shari'ar Rhone da Stephens a 1994, kuma rigimar ma a kan gyaran rufi aka yi ta. Saboda haka daɗin bakin mai taya ba abin riƙewa ba ne.

Hanyar da na fi so a gare ki sabuwa ce. Dokar muhalli ta 2021 ta kawo yarjejeniyar adana wuri, wadda ta fara aiki a Satumban 2022. Tun kafin ciniki za ki ƙulla ta da wata hukuma ko ƙungiya da gwamnati ta amince da ita, a rubuta gyaran da ya wajaba, a shigar a rajistar ƙaramar hukuma, ta hau kan duk wanda ya mallaki gidan bayanki. Idan ba a samu mai karɓar wannan nauyi ba, lauyanki ya sa shinge a ofishin rajistar filaye, yadda ba mai sake sayarwa sai sabon mai saye ya sa hannu a kan alkawarin, a haɗa da 'yancinki na sake sayen gidan in ba a gama rufi cikin wa'adi ba. A ƙara da cewa in ya samu izinin gini a filin daga baya, kina da kaso a ƙarin darajar. Ba zan ɓoye miki ba, kowane sharaɗi yana rage farashi. Ni dai a ganina gidan da iyalin mijinki suka riƙe sama da shekara 200 ya cancanci wannan ragin.

Sai ki duba ko gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da hukumar adana kayan tarihi ta Historic England ke riƙewa. Ginin wancan zamani da wuya a ce ba ya ciki. In yana ciki, dokar 1990 ta sa canza masa kama ba da izini ba laifi ne da kan kai ga ɗaurin shekara 2, kuma kariyar takan haɗa da barga ko katangar lambu da ke harabar tun kafin 1 ga Yulin 1948. In marigayi ya taɓa cire tagogin katako ya sa na roba ba izini, ki faɗa tun yanzu. Umarnin a mayar da su ba ya tsufa, mai saye ne zai gaje shi, kuma in kika ba da amsar da ba gaskiya ba a takardar bayanin gida zai dawo kanki da ƙara. Yoyon ma kada ki bar shi, ƙaramar hukuma na iya yin aikin gaggawa ta kawo miki lissafi.

Tafkin fa, na Allah ne ko tare ruwa aka yi? Da yawa daga tafkunan irin waɗannan gidaje madatsa ce ke riƙe da su. In ruwan da aka tare ya wuce kubik mita 25,000, dokar 1975 ta wajabta rajista, kuma in aka ce yana da haɗari ga mutane sai injiniya ya riƙa dubawa. Kada ki sare itace don a ga ruwa da kyau sai kin tambaya ko akwai umarnin kariya a kansa, kuma in jemagu sun yi gida a rufi, su ma doka ta tsare su.

Ba a kammala ciniki sai takardar izinin kotu ta kula da gado ta fito, in gidan da sunansa shi kaɗai yake. Kafin nan, ki ce wa mai tayin ya kawo shaidar kuɗin gyara daga banki, ya kuma kai ki ki ga wani tsohon gini da ya taɓa gyarawa da idonki.