Filin Tambaya da Amsa: Iya Tuƙin Mota Ba Iya Tuƙin Foklif Ba Ne

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata a kan foklif ne, wato motar nan mai yatsun ƙarfe biyu da ake ɗaga kaya da ita a sito, da masana'antu, da tashoshin kwantena. Mun zaɓi guda biyar daga cikinsu.

Assalamu alaikum. Ina da sito a Sharaɗa, Kano, na sayi foklif 'yar gwanjo mai ɗaukar tan 2.5. Direbana ya shekara 15 yana ja mini babbar mota, ko kaza bai taɓa takewa ba. An ce sai na tura shi horo kafin ya hau ta. Wannan ba asarar kuɗi ba ce?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka saya. Ka tura shi, kuma kada ka ba shi makulli sai ya dawo. Shekarun nan 15 sun koya wa hannunsa abubuwan da a kan foklif su ne ke jawo haɗari.

Na farko, tayoyin baya ne ke juya ta. Idan ya karya sitiyari kamar yadda ya saba a mota, gaba zai tsaya kusan wuri ɗaya, ƙugun motar kuma ya yi waje da sauri. Lebura da ke tsaye tsakanin ƙugun nan da bango ba shi da wajen gudu. Ƙugun kuwa dunƙulen ƙarfe ne da aka zuba musamman don ya rinjayi kayan da ke gaba. Shi ya sa foklif mai ɗaukar tan 2.5 takan kai tan 3.5 zuwa 4 ita kaɗai, ba kaya. Ƙaramarta ce a ido, amma ta ninka nauyin ƙaramar mota fiye da sau biyu.

Na biyu shi ne wanda ba wanda zai gane da ido sai an nuna masa. Tayoyinta huɗu, amma a wuri uku take tsaye. Sandar da ke riƙe da tayoyin baya a kan ƙusa ɗaya take a tsakiya, tana lilo a kanta don ta bi ƙasa mai gargada. Saboda haka madogararta su ne tayoyin gaba biyu da wannan ƙusa ta baya, kamar a-daidaita-sahu da aka juya gabanta baya. Muddin tsakiyar nauyin mota da kayanta na cikin wannan fili mai kusurwa uku, tana tsaye. Kwana da gudu, ko ɗaga kaya sama ana tafiya, ko taya ɗaya ta faɗa rami, kowanne yana iya fitar da nauyin waje, sai ta kife. Har ma idan ba kaya ta fi saurin faɗuwa ta gefe, domin a lokacin nauyinta ya koma baya inda filin ya tsuke. Direbobi kuwa sun fi yin gudu daidai lokacin da suka sauke kaya suna komowa.

Horo na gaskiya kashi uku ne. Akwai na zaune, inda ake koyon waɗannan dalilai da karanta allon nauyi, wato allon da ke jikin motar mai nuna iyakar abin da za ta ɗauka. Akwai na hawa, a filin da aka keɓe, malami na tsaye. Sai na wurin aikinka: motarka, lungunan sitonka, irin kayanka, gangaren da ke bakin ƙofarka. A Birtaniya sabon shiga yakan yi kwana 3 zuwa 5, kuma malami ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ɗalibai uku a kan mota ɗaya. A Amurka doka ta ce a sake gwada direba duk bayan shekara 3, a kuma maimaita masa horo idan ya yi haɗari, ko ya kusa yi, ko an canza masa irin motar. A nan gida, Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a sa ma'aikaci a kan injin da zai iya raunata shi ba tare da an koyar da shi ba, kuma a 2018 an fitar da ƙa'idoji na musamman a kan na'urorin ɗaga kaya, waɗanda Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ke kula da su.

Shawara ɗaya kafin ka biya kuɗi: ka tambayi masu horon ko ɗalibi zai hau mota, da kuma awa nawa zai yi a kanta. Wanda ya ce ka kawo hoto da kuɗi ka karɓi takarda gobe, takarda ya sayar maka.

Ni direban foklif ne a Kaduna. Allon motata ya ce kilo 2,500. Ranar nan na ɗauki akwakun inji mai tan 2 kacal, sai tayoyin baya suka tashi. Da yara biyu suka hau baya sai ta zauna. Motar ce ta gaji?

Malam, lafiyar motarka ƙalau, rabin allon ka karanta. Ka sake dubawa, kusa da 2,500 ɗin za ka ga wata lamba, yawanci milimita 500, a wasu motocin 600. Ma'anarta, motar za ta ɗauki kilo 2,500 ne idan tsakiyar nauyin kayan bai wuce santimita 50 daga gindin yatsu ba. Ɗauki jarkar ruwa ka manna ta a ƙirjinka, sannan ka miƙe hannuwanka da ita. Nauyin bai ƙaru ba, amma kai ka san bambanci. Tayoyin gaba su ne kafaɗar foklif.

Ga lissafin da za ka iya yi a waya. A ce tsawon akwakun mita 2 ne, nauyin kuma daidai yake ko'ina, to tsakiyarsa na santimita 100. Sai ka ninka 2,500 da 50, ka raba da 100: kilo 1,250. Wannan lissafi yana da ɗan tsauri, ainihin ƙarfin motar a wannan nisa ya ɗara haka, amma bai kai tan 2 ba. Inji kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi nauyi, don haka gefen mai nauyi shi ake jingina wa gindin yatsu.

Ko a kan falet na yau da kullum, wato katakon da ake jera kaya a kai don yatsu su shiga ƙarƙashinsa, abin yana aiki. Falet mai mita 1 da mita 1.2, idan ka shige shi ta yadda mita 1 ɗin ne ke kwance a kan yatsu, tsakiya na santimita 50. Idan ta ɗaya gefen ka shiga, ta koma 60. Buhu 50 na siminti ko taki kilo 2,500 ne cif, ba a ma lissafa katakon ba, ka ga ke nan ka wuce iyaka. Buhu 40 ya fi maka kwanciyar hankali. Allon yana kuma nuna tsayin da aka auna ƙarfin a kai, kuma duk abin da aka ƙara a gaba, kamar ƙarin tsawon yatsu ko maƙallin durom, yana rage abin da za ta ɗauka.

Batun yaran da suka hau baya kuwa, don Allah kada a sake. Idan kayan suka zame, ƙugun zai dawo ƙasa da ƙarfin tan-tan, ya wurgar da su ko ya danne ƙafar wani. Haka ma ɗaura ƙarafa ko buhunan yashi a baya. Za ta daina tashi, amma nauyin da ya wuce kima yana nan a kan sarƙa, da yatsu, da tayoyin gaba. Tashin tayoyin baya gargaɗi ne: a sauke, a raba kayan ko a nemo babbar mota.

Mijina yana tuƙa foklif. Ya ce ba ya ɗaura bel saboda zafi, kuma wai idan za ta kife gara ya samu damar tsalle. Hankalina bai kwanta ba.

'Yar'uwa, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Ki karanta masa wannan. Tsallen nan shi ne ya fi kashe direbobin foklif idan ta kife. Mutum yakan yi tsalle ne ta gefen da motar ke faɗuwa, domin nan ne ƙasa ta fi kusa, rumfar ƙarfen da ke saman kujera kuma ta biyo shi ta same shi a wuya ko a ƙirji. Faɗuwar ba ta ba da lokacin da mutum zai tsere mata. Wanda ya zauna a ciki, wannan rumfar ce ke kare shi.

Abin da ake koyarwa a kan foklif ta zaune shi ne: ka riƙe sitiyari da hannu biyu gam, ka dage ƙafafunka a daɓen motar, ka karkata jikinka zuwa gefen da ba shi take faɗawa ba, ka zauna. Bel ɗin shi ke sa hakan ya yiwu, domin idan babu shi ko mutum bai yi niyyar tsalle ba za ta zubar da shi.

Abin da ya fi shi ne kada ta kife. Ana tafiya da yatsu santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, ginshiƙin ɗagawa a jingine baya. Ba a ɗagawa ko saukewa ana cikin tafiya, ba a kuma kwana da kaya a sama. A gangare, idan da kaya, kayan su dubi sama kullum: a hau da gaba, a sauko da ribas. Idan ba kaya, yatsu su dubi ƙasa. Ba a juyawa a tsakiyar gangare ko da ƙarami ne. Da damina a kula da ƙasar da ta sha ruwa da bakin kwalbati, taya ɗaya ta nutse da 'yan santimita kaɗan ta isa.

Ni ce mai kula da sito a wata masana'antar abinci. Me ya kamata direba ya duba da safe kafin ya fara aiki?

Hajiya, aikin minti goma ne, a yi shi a farkon kowane zubin aiki, a kuma rubuta a littafi da sa hannu.

Kafin a tayar da inji, a leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigon mai. A duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man haidurolik. Da hunturu ƙura kan toshe lagireto da matatar iska cikin 'yan kwanaki, sai a riƙa hure su. A duba tayoyi: mai iska idan ɗaya ta yi sanyi motar za ta karkata, kuma karkatar tana ƙaruwa idan kaya sun yi sama. A duba yatsu a gwiwa, inda suka lanƙwasa, nan ne tsagewa ke farawa. Jan su a ƙasa yana cinye su, idan kaurin wurin ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsu ya ragu da kusan kashi 20, sai canji. Ba a yi wa yatsu walda, ba a gasa su a miƙar, ba a huda su. Sarƙoƙin ɗagawa su zama da mai, su kuma ɗaure daidai da juna, wanda ya miƙe da kashi 3 cikin 100 ya gama aiki.

Bayan an tayar: birki, birkin hannu, oda, fitilu, ƙarar ribas, sannan a ɗaga yatsu har ƙarshe a sauke. Idan ana zargin tiyon haidurolik na yoyo, kada a shafa da hannu. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shiga nama, raunin kamar tsinin allura amma yana iya kai wa ga yanke yatsa. A kara kwali a gani. Mai batir kuma a yi cajinta inda iska ke shiga, ba taba ba walda a kusa, domin batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta.

Abin da ya rage naki ne, Hajiya: direba ya san cewa idan ya ce birki ba shi da kyau, za a ajiye motar, ba za a zare masa ido don tirela na jira ba. In ba haka ba zai riƙa cika littafin ne kawai.

Muna sauke kwantena da foklif mai dizal. Direban yana yawan kukan ciwon kai. Kuma wani lokaci muna ɗaga yaro a kan falet ya gyara fitila. Akwai matsala?

Akwai, Malam, guda biyu. Ciwon kan daga hayaƙi ne. Kwantena akwati ne mai ƙofa ɗaya, hayaƙin inji na taruwa a cikinsa, kuma a cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ta fi yawa a injin fetur da na gas, amma dizal ma ba ya rasa ta. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. A fito da shi iska nan take, idan bai warware ba a kai shi asibiti. Kada a bar inji na aiki a ciki ana jiran leburori su jera kaya. Mai batir ita ce ta dace da wannan aiki.

Idan kwantenan na kan tirela, a ja birkinta, a sa weji a tayoyi, a karɓe makulli daga hannun direbanta har a gama. Kowace shiga da fita tana tura tirelar gaba kaɗan-kaɗan, har giɓi ya buɗe tsakaninta da dandamali, foklif ta rufta. Ƙofar kwantena na yau da kullum tsayinta kusan mita 2.28 ne, a auna ginshiƙi tukuna.

Ɗaga mutum a kan falet kuwa a daina daga yau. Falet ba a ɗaure yake da yatsu ba, yaron ya taka gefe ɗaya sai ya juye da shi, ko ya kai hannu ya riƙe ginshiƙi sarƙa ta cije shi. Idan dole ne, akwai kejin da aka ƙera don haka, mai shinge ta kowane gefe, wanda ake kullewa a jikin motar. Direba na zaune a kujerarsa, birkin hannu a ja, motar ba ta motsawa ko taku ɗaya sai an sauko da mutumin. Wanda ba shi da wannan keji ya nemo tsani.