Shin siminti zai ceci tsohon gidan da nake ciki a Modika?

Tambaya: Injiniya, ina zaune a wani tsohon gida a Modika, tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Bango yana zubar da gari, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa. Wani birkila ya ce a yaɓe shi da siminti a huta. Wallahi barci ya gagare ni, ina tsoron kada ya rufto mana.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka bari birkilan nan ya taɓa bangon.

Modika na cikin garuruwa takwas na yankin Bal di Noto da aka sake ginawa cikin salon barok (salon gini mai yawan ado) bayan girgizar ƙasar 1693, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2002. Da dutsen farar ƙasa mai laushi aka gina yawancinsu, aka ɗaure da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Irin wannan bango yana shan danshi, yana kuma fitar da shi. Farin abin da ka gani gishiri ne da ruwa ya bari bayan ya bushe.

Kullum sai na ji wannan magana, wai siminti ya fi ƙarfi. Ƙarfin nasa ne matsalar. Yana toshe hanyar danshi, ruwa ya maƙale a ciki, gishiri ya dinga cin dutsen ta baya. Daga waje sumul, ciki kuwa ya zama gari, ran da yaɓen ya ɓanɓaro sai ya taho da fuskar dutsen. Duk wanda ya ga ginin ƙasa da aka shafe da siminti a gida ya san wannan.

Dubi babbar majami'ar garin Noto, ɗaya daga cikin garuruwan nan takwas. A shekarun 1950 aka ɗora mata rufin kankare mai nauyi a kan ginshiƙan da cikinsu duwatsun kogi ne. Girgizar ƙasar 1990 ta ƙara raunana ta, ranar 13 ga Maris 1996 ƙubbarta ta rufto, sai 2007 aka sake buɗe ta.

Ka gaya wa mai gidan ya nemo injiniya ya gano ta inda ruwa ke shiga, indararo ne ko tushe. Gyaran yakan buƙaci izinin hukumar kula da kayan tarihi, Soprintendenza, kuma takardunsu na da jan ƙafa mai ban haushi. Amma in ka ga tsaga tana ƙara faɗi ko bango ya kumbura, ka kwashe iyalinka yau, takarda ta biyo baya.