Makarov, CZ 82, P-64 ko PA-63: wacce zan saya, kuma shin duk harsashi mai lamba tara ɗaya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas da katin zama na dindindin, sana'ata tuƙin dare, kuma na yi kwas na karɓi lasisin ɗaukar bindiga. A wani shago na ga ƙananan fistol huɗu na gwanjon soja. Mai shagon duk Makarov yake ce musu, alhali kamanninsu sun bambanta. Yaya zan tantance su, kuma wacce ta fi dacewa a ɓoye a ƙugu? Abin da ya fi damuna shi ne wani abokina ya ce kada in wahalar da kaina neman harsashinsu na musamman, wai tara tara ce, duk wanda ya shiga zai tashi. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gara da hankalinka bai kwanta ba, ɗan'uwa, maganar abokin nan naka za mu dawo kanta.

Mai shagon ya haɗe su ne don duk harsashin 9x18 suke ci (9 kaurin kan harsashi a milimita, 18 tsawon kwansonsa), amma guda ɗaya ce Makarov. Ita ce wadda Nikolai Makarov ya zana, Tarayyar Sobiyet ta ɗauke ta a 1951. Ƙarfe ce zalla, giram 730 ba harsashi, magazin ɗinta na cin takwas, kuma daga gindin mariƙi ake sakinsa. Ka dubi gefen hagu kusa da lambar bindigar. Alama mai kusurwa uku cikin da'ira ta garin Izhevsk ce a Rasha. Lamba 10 cikin da'ira biyu ta Bulgeriya ce, ita ta fi yawa a shagunan Amurka. Ta Jamus ta Gabas, ƙirar garin Suhl, ta fi duka kyan aiki, kuɗinta ma ya fi. Makullin Makarov, wato maɓallin da ke hana ta tashi, sama ne kulle, ƙasa ne buɗe, akasin na fistol ɗin Jamus Walther PP. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya sai ya sake koyo.

Idan ka ga mai launi biyu, sama baƙi, jiki fari fat na alminiyam, PA-63 ce ta kamfanin FEG na Hangari. Bakwai take ci. Ba ta da nauyi a ƙugu, amma rashin nauyin a tafin hannu ake biyansa, don tana duka. Mafi ƙanƙanta ita ce P-64 ta Radom a Polan, mai cin shida. Ɓoye ta ba wuya, sai dai jan kunamarta na farko ya haura kilo goma, har mutum ya ɗauka a kulle take. Kuma ba a yawo da ita da harsashi a ciki makulli a buɗe, domin in ta faɗi a kan hamarta, wato ɗan ƙarfen baya mai dukan allura, tana iya tashi. Mai kaurin mariƙi kuwa CZ 82 ce ta Chekoslobakiya: harsashi 12, makulli ta dama da hagu, baƙin fenti mai ɓantalewa. In ka leƙa bututunta za ka gan shi sumul kamar ya cinye. Ba cinyewa ya yi ba, haka aka ƙera shi da murɗaɗɗun kusurwoyi maimakon zanen da aka saba gani, kuma da yawa sun bar bindiga mai kyau a kan kanta saboda rashin sanin wannan.

To, ga batun "tara tara ce". Kusan kullum sai na ji wannan magana, daga bakin masu shago, daga bakin 'yan bidiyon YouTube, daga bakin wanda bai taɓa riƙe ma'auni ya gwada harsashi ba. Harsasai uku ake cakuɗawa: 9x17, wanda Amurkawa ke rubuta wa .380 ACP, da 9x18 Makarov, da 9x19 Luger. Mutum ya ga 17, 18, 19 sai ya ɗauka milimita ɗaya ce kawai ta tsawon kwanso ta raba su. Kauri ma ya bambanta. Kan harsashin Makarov milimita 9.27 ne, na sauran biyun kuwa 9.02 ko kusa da haka. Sobiyet ba su ƙera nasu don ya yi musaya da na Yamma ba.

Ka sa .380 a cikin Makarov, zai shiga, kuma sau da yawa zai tashi. A nan masu gardama ke samun bakin magana: "ai na gwada, ta yi." Ta yi, amma kwanson gajere ne kuma siriri, bai zauna inda ya kamata ba, ɗan ƙugiyar da ke fitar da kwanso ce kaɗai ke riƙe da shi. Sai ya kumbura, wani lokaci ya tsage, iskar wuta ta dawo baya wajen fuska. Kan harsashin kuma bai cika bututu ba, yana tafiya yana kaɗawa, ba ya zuwa inda ka nufa. Wani karon allurar da ke dukan gindin harsashi ba ta kai masa duka sosai, sai ka ji ƙas, shiru. Wanda ya sayi bindiga don ranar tsanani, wannan "ƙas" ɗin yake so ya ji?

Na 9x19 ya fi muni. Duk bindigogin nan huɗu ba su da abin da ke kulle bututu da ƙarfen sama lokacin tashi. Nauyin ƙarfen da ƙarfin sifirin ne kawai ke tare matsin albarushi, kuma an auna su ne da matsin 9x18, wanda iyakarsa a ma'aunin Turai bar 1,600 ne (bar ma'aunin matsi ne). Na 9x19 bar 2,350 ne, kusan ninki ɗaya da rabi. A bindiga lafiyayya yawanci ƙarfen sama ba zai rufe ba. Sai ka ga wani gwani ya daki bayansa da tafin hannu don ya tilasta shi, ko ya kai wa wani ɗan koyo ya ƙara zurfin mazaunin harsashi. Abin da ke biyo baya fashewar kwanso ne a mazaunin da bai rufu ba, gab da yatsu da idanu. Ba na sassauta wa kowa a kan wannan, ko shekara nawa ya yi yana harbi.

Akwai kuma tarko biyu da ko masu hankali ke faɗawa. Na ɗaya, kwalin da aka rubuta 9x18 Ultra ko 9x18 Police. Lambar ɗaya ce, harsashin daban ne, na Walther PP Super ne, kansa siriri. Na biyu, ba duk mai siffar Makarov ke cin 9x18 ba. Rasha ta sayar wa kasuwar Amurka IJ-70 ta Baikal, mai saitin baya da ake murɗawa, wasu a .380. CZ 83, 'yar'uwar CZ 82 ta kasuwa, ta fito a .380 da .32 har da 9x18, kuma an sha sauya wa bindigogin gwanjo bututu bayan sun shigo. Don haka ka karanta rubutun jikin bindigar da tambarin kamfanin da ya shigo da ita, wanda dokar Amurka ta wajabta. In rubutun ya goge ko ya saɓa wa juna, maƙerin bindiga mai lasisi ne zai auna mazaunin. Mai shagon da ke kiran su duka Makarov bai isa shaida ba.

Da ni ne, Makarov ta Bulgeriya zan ɗauka. Siririya ce a ƙugu, kayan cikinta kaɗan ne, kayan gyaranta na samuwa. CZ 82 ta fi daɗin harbi da yawan harsashi, amma kaurinta na nunawa a ƙarƙashin riga, ga zafin Houston ba na manyan kaya ba ne. Gaskiya dai, farashin gwanjon nan ya hau har sabuwar ƙaramar fistol ta 9x19 tana iya zuwa kusan kuɗi ɗaya, ga harsashinta a kowane shago. Ka auna wannan ma. In ka tsaya kan gwanjo, a sauya mata sifirin, a wanke busasshen man ajiya daga ramin allura, domin allurar Makarov ba ta da sifirin kanta, in ta maƙale a gaba bindigar na iya tashi da kanta yayin ɗurawa. Tsohon harsashin soja kuma yana barin gishirin da ke jawo tsatsa, a wanke bututu ran da aka harba shi. Kube ya zama wanda aka yi don samfurin, mai rufe kunama ruf.

Amsar nan ta mai katin dindindin ce a Texas. Wanda ke Amurka da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga sai da 'yan togaciya. Masu karatu a Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisinta a hannun Shugaban Ƙasa yake, kuma lasisin Texas ba ya aiki a filin jirgin Kano.