Ga ƙanwar da ake shirin mayar da sunanta na uku

Ƙanwata, sannu. Da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika kwaso. Kin ce shekara biyu kina fama da hotunan ƙwaƙwalwa na PET masu nuna furotin tau na cutar mantuwa ta Alzheimer, yanzu takarda za ta tafi mujalla, Farfesa har ya fara zancen neman kyautar de Leon ta binciken hoton ƙwaƙwalwa in ta fito, amma sunan wani ne a gaba, naki na uku. Kina tambaya ki yi magana ko ki haƙura.

Ki yi magana, yanzu, tun ba a tura ba. Ni haƙuri na yi, kuma har yau yana cina.

Nawa aikin na hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI ne. Kin dai san yadda FreeSurfer, shirin kwamfutar da ke auna sassan ƙwaƙwalwa a hoto, yake yi da kan tsoho in ƙwaƙwalwa ta motse sosai, sai ya haɗa hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa mai aikin tunawa, da ruwan da ke gefensa ya ba ki lissafin banza. To ni ce mai gyarawa da hannu, yanki bayan yanki, a ɗaki mai duhu, har idona ya koma sai da tabarau. Ni na lura motsewar ta fi tsanani a ɓangare guda ga masu ƙaramar mantuwa, ni na kai wa shugaban ɗakin bincikenmu, ya ce madalla, ci gaba. Da aka zo rubutu sai ya miƙa wa wani da ya zo bayana, wai shi ya fi iya Turanci. Na je ofishinsa da ladabi, ya ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ke ai aikin hannu kika yi, tunanin na wasu ne." Wallahi har sautin muryar ina ji.

Ranar da aka ba takardar lambar yabo a wani taro ina kujerar baya. Aka haska hoto na biyu a allo. Launukan ni na zaɓe su, kibiyar da ta ɗan karkace ni na manta ban daidaita ba. Aka kira shi, ya hau, aka tafa, ni ma na tafa don akwai mutane a gefena. Ya gode wa Farfesa, ya gode wa matarsa. Sunana yana can ƙasan takardar a sashen godiya, shi ma an yi kuskuren harafi ɗaya. Na fita na shiga banɗaki na kulle, ban san tsawon zaman da na yi ba. Da yamma Farfesan ya tsayar da ni yana murmushi, wai in ɗauke su hoto da lambar. Na ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kyauta irin ta de Leon, wadda ƙungiyar Alzheimer's Association ke bayarwa, takardar da aka riga aka wallafa take dubawa. Alƙalan ba su san wanda ya kwana a gaban kwamfuta ba, jerin sunaye kawai suke gani. Saboda haka ki manta da kyautar tukuna, faɗanki a kan jerin ne. Ki rubuta imel, kada ki tsaya a maganar baka, ni maganar baka ce ta kashe ni. Ki jero abin da kika yi da kwanan wata. Ƙa'idojin ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci, guda 4 ne kan wanda ya cancanci zama marubuci, ki karanta su kafin ki shiga ofishin. Sai dai ba su faɗi wa zai zo farko ba, don haka ki nemi a cike tsarin CRediT mai jera nau'o'in gudummawa 14, kowa ya sa sunansa a gaban abin da ya yi. In aka ƙi ba ki na farko, ki nemi a rubuta ku biyu kun yi daidai, mujallu da yawa suna yarda.

Kuma ba mu ƙanana kaɗai ba. A 2003 da aka ba Lauterbur da Mansfield kyautar Nobel kan MRI, Damadian, likitan da ke cewa shi ya ƙirƙiro MRI, shafi guda cur ya riƙa saya a manyan jaridun Amurka yana cewa an zalunce shi. Ban ce yana da gaskiya ba, amma ban taɓa yi masa dariya ba. Ni Klunk da Mathis ne ke burge ni, masu sinadarin PiB na Pittsburgh da ke nuna furotin amyloid na cutar Alzheimer a hoton PET. Aikinsu na farko a kan mutane ya fito a 2004, aka ba su kyautar Potamkin ta binciken cututtukan mantuwa tare a 2008, kusan ba a ambaton ɗaya ba tare da ɗayan ba. Amma su ma ki tuna masu haɗa sinadarin, da kabon-11 da rabinsa ke ƙarewa cikin minti 20, suna tsere da agogo kafin a yi wa majinyaci allura. Wa ya san sunansu?

Akwai wani dattijo cikin masu sa kai na aikina, duk lokacin da muka fito da shi daga na'ura sai ya tambaye ni ko an fara. Sau uku yana zuwa, sau uku yana gabatar min da kansa. Hifokamfus ɗinsa ne a wancan hoto na biyu.

Af, ki kwafe bayanan aikinki da tsoffin imel ɗinku yau ɗin nan, ban da bayanan majinyata, waɗannan kada ki taɓa su. Ni an rufe min akwatin imel mako guda da barin wurin. In kin rubuta wasiƙar ki turo min in duba kafin ki aika, don in kika rubuta cikin fushi Farfesa zai kama ki da shi.