Me ya hana gishiri kashe itatuwan bakin teku, kuma ina namun dajin suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kai ni bakin teku, aka ɗauke mu a kwalekwale muka ratsa wani daji wanda itatuwansa ke tsaye tsamo-tsamo cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje. Ni dai a iya sanina gishiri kashe shuka yake yi. To su me ya hana su mutuwa? Sannan an ce mana dajin cike yake da halittu, amma ban da ganye da sauro ban ga komai ba. Ko dai daɗin baki ne irin na masu zagayawa da baƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a yi maka ƙarya ba, lokacin shigarku ne bai dace ba. Tunda har kwalekwale ya ratsa da ku tsakanin itatuwa, ruwa a cike yake ke nan, kuma idan ruwa ya cika wasu mazauna dajin suna ƙarƙashin kwalekwalenku, wasu sun shige rami sun toshe ƙofa. Amma bari mu fara da bishiyar.

Sunan irin wannan daji mangurob, kuma ba abin da ya haɗa shi da mangwaro sai kamar suna. Ba bishiya ɗaya ba ce. Nau'o'i ne fiye da 50, da yawansu ko dangi ba su haɗa ba, zama wuri ɗaya ne ya sa suka yi kama. A lissafin shekarar 2020, faɗin wannan daji a duniya ya kai kusan murabba'in kilomita 147,000. Indonesiya ce ke da kaso mafi tsoka, kusan ɗaya cikin biyar, sai ƙasashe irin su Brazil da Ostireliya da Meziko da Nijeriya. Duk yankuna ne masu ɗumi, domin sanyi mai daskarar da ruwa ne babban abokin gabarsa.

Gaskiyarka game da gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, kuma ɗabi'ar ruwa ce ya gudu daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Shi ya sa idan ka dasa shuka a ruwan teku, maimakon ta sha, ruwan jikinta ne zai tsiyaye waje. Ƙishirwa ce ke kashe ta alhali tana tsaye cikin ruwa. Itatuwan mangurob sun bi hanya biyu suka kuɓuta. Jan mangurob, wanda masana ke kira Rizofora, tun daga saiwa yake tare gishirin: fatar saiwarsa matata ce mai hana fiye da kashi 90 cikin ɗari shiga. Shi kuwa wani nau'in, wanda masana ke kira Abiseniya, yakan bar wani kaso ya shiga, sannan ya fitar da shi ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ganye. Idan rana ta yi zafi za ka ga farin gishiri ya bushe a kan ganyen, ka shafa da yatsa ka ɗanɗana ka ji. Ganyayensu kuma masu kauri ne da santsi, don kada ruwan da aka sha wahalar tacewa ya tafi a banza.

Wani abin da mutane kan yi mamaki idan na faɗa: da yawan waɗannan itatuwa za su rayu lafiya lau a ruwan daɗi. Ba son gishirin suke yi ba. A ruwan gishiri ne kawai sauran itatuwa masu saurin girma ba sa iya biyo su su ƙwace musu rana.

A ganina ma gishiri shi ne ƙaramar matsalar. Babbar ita ce numfashi. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda ganye ke buƙata, ita kuwa lakar da suke tsaye a ciki, da ka wuce 'yan milimitoci daga sama babu iskar oksijin. Taka ta ka ji: baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda ƙwayoyin halittar da ke rayuwa ba iska suna fitar da iskar da ke ɗauke da farar wuta. Saiwoyin nan da ka gani a waje su ne hancin bishiyar. Na jan mangurob suna fitowa daga gindi da rassa su lanƙwasa su soki laka kamar ƙafafun gizo-gizo, suna tallafe bishiyar a ƙasar da ba ta da ƙarfi, a jikinsu kuma akwai ƙananan huda da iska ke shiga ta bi ta wani nama mai kama da soso har ƙasa. Na Abiseniya kuwa daga ƙarƙashin laka suke tsirowa sama, sirara kamar fensir, dubbai kewaye da bishiya guda. Duk lokacin da ruwa ya janye sai su shaƙa, idan ya dawo su riƙe abin da suka samu.

Daga nan za ka gane abin da ke kashe wannan daji cikin sauri. Ɗanyen mai idan ya malala ya shafe hudojin, bishiyar ta shaƙe. Haka idan aka gina hanya ko madatsa ta hana ruwa fita, dajin da ya shekara ɗaruruwa a ruwa sai ruwa ya kashe shi, domin yawancinsu sun fi daɗewa saiwarsu na shan iska fiye da nutse. Wannan ne ma dalilin da ya sa yawan dashen da ake yi da kyakkyawar niyya ke lalacewa: a je a soka tsiro a fili mai zurfi inda ruwa ke daɗewa, a ɗauki hoto, bayan shekara ba ko ɗaya.

Haihuwarsu ma abin kallo ce. Irin jan mangurob tun yana jikin uwa yake tsira, ya zama dogon kore mai tsini yana reto a reshe. Idan ya faɗo, ko dai ya kafu a nan, ko ruwa ya tafi da shi yana yawo watanni da ransa har ya dace da laka.

To, batun namun daji. Agogon wannan wuri cika da janyewar teku ne, ba fitowar rana da faɗuwarta ba. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu a yini, tsakanin wannan cika da waccan awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwan ya fi cika, ya kuma fi janyewa nesa. A irin wannan janyewar ya kamata ka je.

Ka sami wuri ka zauna shiru minti biyar kawai. Lakar da ka ɗauka fanko ce za ta fara motsi. Farkon masu fitowa ƙaguwoyi ne, musamman wata ƙarama wadda namijinta ke da hannu ɗaya ƙato, har yakan kai rabin nauyin jikinsa. Ba ya cin abinci da shi. Ɗaga shi yake yi yana kaɗawa don kiran mace da gargaɗin kishiya, ya bar wa ƙaramin hannun aikin ɗebo laka zuwa baki, ya tsotse abin da ke ciki ya ajiye sauran a dunƙule. Mace mai ƙananan hannu biyu ta fi shi saurin ci, ado ya ja masa. Wasu ƙaguwoyin kuma ganyen da ya faɗo suke ja cikin rami. Kada ka raina su. Ramukansu ne ke shigar da iska cikin laka, ganyen da suka tattauna kuma shi ne ke ruɓewa ya ciyar da tsutsotsi da jatan lande da dodon koɗi, waɗanda su kuma kifi da tsuntsu ke ci. Kusan duk abin da ke motsi a dajin, idan ka bi salsalar abincinsa, kan ganye da laka za ka tsaya.

Sai wanda na fi so, kifin da ke tafiya a tudu. Galibi tsawonsa bai fi tafin hannu ba, idanunsa a tsakar ka kamar na kwaɗo, yana dogara fikafikan gaba yana jan jiki, idan ya tsorata ya yi tsalle da wutsiya. Ta fata da cikin baki yake shaƙar iska muddin jikinsa na da danshi, shi ya sa za ka ga yana birgima a taɓo lokaci-lokaci. Namiji ne ke haƙa rami, kuma da yake can ƙasa babu iska, da bakinsa yake guntso ta ya kai ɗakin da ƙwai suke. A bayansu tsuntsaye ke biyowa, zalɓe da balbela da masu dogon baki lanƙwasasshe, waɗanda wasunsu daga arewacin Turai da Saberiya suke zuwa cin rani a gaɓoɓi irin na tsibiran Bijagos a Gini Bisau.

Abin da ya wuce ta ƙarƙashinku ranar nan kuwa 'ya'yan kifi ne. Saƙar saiwoyin ta yi wa manyan kifaye matsi, sai ta zama gidan reno: ƙanana su girma a nan cikin ruwan zartsi, sannan su fita teku. A gaɓoɓin Asiya da arewacin Ostireliya har akwai kifin da ke tsarto ruwa da baki ya harbo ƙwaro daga kan ganye.

Manyan dabbobi akwai su, sai dai ganinsu sa'a ne, kuma kowane yanki da nasa: ayu a Afirka ta Yamma, biri mai dogon hanci a tsibirin Borniyo, kadan ruwan gishiri mai kai mita 6 a Asiya da Ostireliya. A Sundarban, daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10,000 tsakanin Bangaladash da Indiya, akwai damisar Bengal mai zane, tana iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, kuma takan halaka masunta da masu ɗiban zuma. Mutum na iya yin mako a can bai ga komai nata ba sai sawu a laka.

Idan za ka koma, tambayi masu kwalekwale lokacin janyewar ruwa, ka isa awa ɗaya kafin ya kai ƙarshe, zai fi kyau idan ya dace da sassafe. Sa riga mai dogon hannu saboda ƙwari, da takalmi mai ɗauri, domin bawon ƙananan halittun ruwa da ke manne a saiwoyi yana yanka kamar reza, laka kuma na iya haɗiye ƙafa har gwiwa. Kada ka yi nisa da tudu ba tare da ɗan gari ba. A shimfiɗaɗɗen fili ruwa ta ƙoramun bayanka yake fara dawowa, kafin ka ga alamarsa a gabanka.