Jan shayin da muke taruwa a kai a watan Disamba

Yaya, barka da hunturu, ya sanyin Kano? Tambayoyi uku kika yi min a saƙo ɗaya, ko da yake kin lulluɓe ta ukun da wasa: mene ne jan abin nan da muke sha, me ya sa aka jera kwalaye a kan darduma, sannan ko mun fara Kirsimeti ne tunda kin hango hoton bishiya mai ado a jikin wani kwali. Da ta ƙarshen zan fara, don na san Gwaggo ce ta sa ki.

Ba Kirsimeti muke yi ba. A Afirka ta Kudu ranakun Sallah ba hutun gwamnati ba ne. Idan Sallah ta faɗo ranar Talata, maigida zai nemi izini a wurin aiki, a je Idi, a ci abinci, washegari yara su koma makaranta, shi ke nan an gama. Babu yawon Sallah na kwana da kwanaki, balle a yi zancen hawan Daushe. Hutun da ƙasar nan take yi da gaske na Disamba ne. Makarantu tun farkon wata suke tashi. Ranar 16 hutu ce ta tunawa da sasanta al'umma, kuma wajen lokacin ne magina da masana'antu da yawa suke rufewa sai Janairu. Ga 25 da 26, ga ranar sabuwar shekara. Sai ki ga Johannesburg ta yi fayau, mutane sun tafi garuruwansu, wasu KwaZulu-Natal, wasu Limpopo, 'yan Zimbabwe sun yi dogon layi a kan iyakar Beitbridge. Mu da gida ya yi mana nisa, kuɗin jirgi kuma a watan nan ba a cewa komai, sai mu nemi juna. 'Yan kasuwarmu ba sa samun kansu sai bayan 24 ga wata, saboda haka daga nan zuwa sabuwar shekara ake cusa komai: walimar sunan da aka ɗaga, saukar karatun yara, har da shirya waɗanda suka ɓata tun tsakiyar shekara. Hoton bishiyar kuwa aikin masu kanti ne. A watan nan ko sabulu kika saya da adonsa zai zo.

Ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Babu unguwar da za ki shiga ki ji Hausa ta ko'ina irin Sabo a Ibadan. Wasunmu suna wajen Mayfair da Fordsburg, cikin Indiyawa da Somaliyawa, saboda kusa da masallatai da mahautan halal, wasu kuma can nesa inda aiki ko karatu ya ajiye su. A zamanmu akwai 'yan Kano da Zariya, akwai mutanen Maraɗi da Damagaram, akwai 'yan zangon Gana masu Hausar da sai kin kasa kunne. Shi ya sa idan an taru ba a saurin tashi. Ki tuna kuma Disambarmu rani ce mai zafi, da hadari da tsawa da la'asar, magariba ba ta yi sai wajen ƙarfe bakwai. Zama mai tsawo haka yana buƙatar abin sha wanda kowa zai iya maimaitawa, daga yaron goye har dattijon da likita ya hana kofi.

A nan rooibos ya shigo, wanda a tsakaninmu muke ce wa jan shayi. Ba zoɓo ba ne, ba shi da tsami ko kaɗan. Ba kuma dangin ganyen Lipton ba ne. Tsiro ne dangin wake da gyaɗa, mai siraran ganye tsinke-tsinke da ƙananan furanni rawaya, kuma a duk duniya yanki ɗaya yake yi: duwatsun Cederberg da kewayensu, wajen garin Clanwilliam, tafiyar fiye da kilomita 200 arewa da Cape Town. Daga Janairu ake fara girbi. Da lauje ake yankansa, a ɗaure dami-dami, inji ya daddatsa shi ƙanana, a yayyafa ruwa a murje, a tara shi tsibi ya kwana. Kore yake shiga tsibin, ja yake fita. Daga nan a baza a faffaɗan filin siminti rana ta busar. Ba shi da sinadarin nan mai hana barci da yake cikin kofi da goro, kuma ko kin manta shi a wuta ba ya ɗaci, ba ya bauri. Mutanen ƙasar da madara da sukari suke shan shi, suna tsoma busasshen burodinsu a ciki. A ofis ko gidan maƙwabta idan aka ce za a ba ki shayi, sai an tambaye ki wanne, na rooibos ko na gama-gari.

Asalin saninsa na mutanen Khoi da San ne, 'yan ƙasa na farko a yankin. A 1904 wani baƙo daga Rasha, Benjamin Ginsberg, ya fara sayensa a hannun mutanen dutse yana fatauci. Nomansa kuwa sai a shekarun 1930, lokacin da wani likitan Clanwilliam, Dakta Nortier, ya gano yadda za a sa irin ya tsiro. Samun irin ma aiki ne, don kwanson fashewa yake ƙwayar ta watse cikin yashi, har aka lura tururuwa tana kwashewa tana tarawa, sai aka riƙa tona gidanta. An yi fiye da shekara ɗari ana cin kasuwarsa kafin a 2019 masu sana'ar su sa hannu cewa za su riƙa ba al'ummomin Khoi da San kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin da aka sayi ganyen a gona. Ni dai a ganina kason ya yi kaɗan, amma an dai amsa cewa ilimin yana da masu shi. A 2021 kuma Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajista, ta yadda ba za a sayar da wani ganye a can da sunan rooibos ba sai wanda ya fito daga yankinsa. Shi ne abincin Afirka na farko da ya samu irin wannan kariya.

To, kwalayen da kika gani. Duk ƙarshen shekara kantuna suna cika da masu ɗanɗano iri-iri, sai ya zama kowace mata idan za ta zo tana riƙo kwali ɗaya, ko wanda aka ba maigidanta kyauta a wurin aiki. Abin ya fara da wasa, yanzu har an san tsarinsa. Bayan la'asar, an ci an sauke, sai a kawo ƙananan kofunan gilas irin na ataya. Zagayen farko ba sukari, don sukari yana rufe asirin shayi. Akwai wata 'yar Damagaram a cikinmu da ba ta yarda da rubutun jikin kwali: sai ta yage jakar shayin ta zazzage a tafin hannu. Idan ta ga tsinkayen ganye ja da gutsuren ɓawon lemo ko kirfa, ta ce wannan na mutunci ne. Idan kuwa gari ne laushi mai ƙamshi har hawa kai, ta ce turare aka fesa masa, a ba yara.

Yaran kuwa mai banila suke so, don ƙamshin kek yake yi, kuma da madara yana tafiya daidai. Mai lemo da kirfa shi ne wanda ba a taɓa faɗa a kansa, musamman idan ya huce an zuba ƙanƙara. Mai 'ya'yan itace ja-ja ɗin nan ƙamshinsa ya fi ɗanɗanonsa, kurɓi biyu kin gaji. Inda ake kai ruwa rana shi ne mai citta. Duk kwalin da aka kawo, hukuncin mazanmu ɗaya ne: cittar ba ta isa maƙogwaro ba. Bakin da ya saba da shayin mai shayi na bakin tasha, wanda citta da kanumfari da masoro suke sa mutum gumi a tsakiyar hunturu, ba zai gamsu da cittar da aka auna don harshen Bature ba. Wanda ya ɗan matso kusa shi ne haɗin da ake samu a shagunan Indiyawa na Fordsburg, mai kayan ƙamshi irin na shayinsu. Akwai kuma koren rooibos, wanda aka busar ba tare da ya kwana a tsibi ba. Ɗanɗanon ciyawa yake yi, ni bai kwanta min ba, amma masu rage ƙiba sun riƙe shi.

Wanda ya ba mu mamaki shi ne mai marula. Ana zuba ruwan zafi wani dattijo mutumin Maraɗi ya ɗaga kofin ya shaƙa, ya ce ai wannan nunu ne. Gaskiyarsa, itacen da suke ji da shi a nan ɗanyarmu ce ta daji. Sai dai a kan marular nan muke taka-tsantsan, don da 'ya'yan ake yin wata shahararriyar giyarsu, Amarula, kuma a lokacin bukukuwa akan fito da shayi masu ɗauke da sunan giya iri-iri ko da babu ita a ciki. Abin da muke yi shi ne duba tambarin halal. Musulmin ƙasar nan sun daɗe, masallacin Auwal na Bo-Kaap a Cape Town tun 1794 yake, kuma suna da hukumomi irin su SANHA da MJC masu binciken kayan abinci su buga tambarinsu. Ganyen zalla babu abin tambaya a kansa. Wanda aka ƙara wa ɗanɗano ne ake dubawa, saboda wasu kayan ƙamshin da barasa ake narkar da su a masana'anta. Kwalin da ba shi da tambari kuma sunansa ya yi kama da na mashaya, a gefe ake ajiye shi, ba tare da an kunyata wadda ta kawo ba.

Bayan an gama zagayen kwalaye, abin da ake sha har dare namu ne na tukunya: jan shayi zalla, a daka citta da kanumfari da 'yar kimba a zuba, a bar shi ya yi ta tafasa. Rabi a sa madara don manya, rabi a tace a sa lemon tsami da na'ana'a da ƙanƙara. A wajen tukunyar nan ne ake tsare yara a ce yau ba Turanci ba Zulu, duk mai son ƙari ya roƙa da Hausa.

Kin ce wata ta gaya miki yana maganin hawan jini da ciwon suga. Don Allah kada Gwaggo ta ajiye ƙwayoyinta saboda shi. Amfanin da zan iya tsaya miki a kai shi ne ba ya hana barci kuma ba ya tayar da bugun zuciya, saboda haka za ta iya sha bayan isha'i. Iyaye a nan suna ba jarirai don ciwon ciki, tun da wata mata Annique Theron ta yayata hakan a 1968, amma wannan al'adarsu ce, ba umarnin likita ba. Maganar a kawo iri a gwada a gonar Baba kuwa, a bar ta. Yana son ƙasa mai yashi da ruwan sama na lokacin sanyi da rani mai ƙuna, an kuma gwada shi a wasu ƙasashen bai yi ba. Shi ya sa Japan da Jamus suke saye daga nan.

Akwai mai tahowa Kano a Janairu, zan ba shi zalla babban kwali da mai lemo da kirfa ƙarami. Jaka biyu a kofi uku na ruwa, ki bar shi ya tafasa minti goma, kuma ki rage sukari don yana da ɗan zaƙinsa. Idan zai dawo ki haɗo min da kimba da busasshiyar citta ta Kurmi, ta nan ba ta da yaji. A gaida Gwaggo da yara.